Bayan motar makaranta ta daina zuwa: ina manya masu galahanga ke wuni a Amurka?

A Amurka, yaron da aka haifa da galahanga (lalurar da Turawa ke kira autism, mai shafar magana da hulɗa da mutane) ko tawayar fahimta yana da wani gata da doka ta ba shi, wanda babu gwamna ko shugaban makarantar da ya isa ya hana shi. Tun 1975 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa, su koyar da shi kyauta gwargwadon buƙatarsa. Idan sai an samo mai koya masa magana, a samo. Idan sai mota ta ɗauko shi daga ƙofar gida, a turo. Makarantar da ta gaza kuwa, iyaye na da ikon maka ta a kotu, kuma suna yi.

Sai dai gatan yana da wa'adi. A yawancin jihohi yana ƙarewa da zarar yaro ya cika shekara 21 ko 22, in ban da irin su Michigan da ta ja shi zuwa 26. Ranar da wa'adin ya cika, mota ta daina zuwa, malamai sun koma kan wasu yaran, ga saurayi ko budurwa zaune a gida, lalura kuma tana nan daram. Daga wannan rana abin da yake haƙƙi ya koma abin nema: a cika takardu, a tabbatar ka cancanta, sannan a duba ko akwai kuɗi. Wani bincike da Jami'ar Drexel ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa matasa masu galahanga kusan 50,000 ne ke fita daga makarantun sakandare duk shekara. Adadin kuma hauhawa yake yi, domin hukumar kula da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta sanar a 2025 cewa yaro 1 cikin 31 na 'yan shekara 8 yana da lalurar.

Mai karatu na iya cewa ai wannan matsalar Turawa ce da ba su riƙe dangi. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan manya masu tawayar fahimta a Amurka a gidan danginsu suke zaune, galibi a hannun uwa, kuma da yawa daga iyayen sun haura shekara 60. Tambayar da ke gabansu ita ce ta tsakanin hantsi da la'asar: ina wannan mutum zai je, me zai yi, da wa zai yi hulɗa, wa zai kula da shi idan uwa ta tafi aiki ko asibiti? Wannan giɓi ne cibiyoyin wuni suke cikewa.

Cibiyar wuni wuri ne da babban mutum mai irin wannan lalura ke zuwa da safe ya koma gida da rana, galibi awa biyar zuwa shida, Litinin zuwa Juma'a. Ba a kwana. Yawancinsu ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ne ke tafiyar da su, gwamnati na biya. Abin da ake yi a ciki ya dogara da wanda ya zo. Wani ana koya masa hawa bas shi kaɗai, wani ƙirga canji a kanti, wani dafa abinci mai sauƙi ko wanke tufafinsa. Wani kuma ba ya magana ko kaɗan, don haka aikin wuninsa shi ne ya saba da nuna hoto a allo ko a na'ura idan yana son ruwa, ko ban ɗaki, ko a ƙyale shi.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake gane cibiyar kirki. Mai galahanga da yawa ba ya son a zo masa da abu ba zato. Shi ya sa ake liƙa masa jadawalin hotuna: hoton mota, hoton tebur, hoton abinci, hoton fita waje, kowanne idan ya wuce a cire shi a ajiye. Idan yau direba ya canza, ko an fasa fita saboda ruwan sama, ma'aikaciyar da ta san shi za ta nuna masa tun da wuri, ta sauya hoton a gabansa. Ta san ƙarar injin niƙa a kicin tana huda masa kai, don haka ta miƙa masa abin toshe kunne kafin a kunna. Ta san idan ya fara kaɗa jiki yana cizon hannun riga, saura kaɗan abin ya fi ƙarfinsa, sai ta kai shi ɗaki mai shiru da sassaucin haske. Baƙon ma'aikaci da bai san waɗannan alamu ba, shi sai dai ya ga mutum yana ihu yana dukan kansa, ya rubuta a takarda cewa ya yi rigima. Ciwon haƙori ma ta haka yake fitowa a wurin wanda ba shi da bakin faɗa.

Kada kuma a haɗa kowa a kwando ɗaya. Galahanga daban, tawayar fahimta daban, ko da yake sukan haɗu: alƙaluman CDC sun nuna kusan kashi 40 cikin 100 na yara masu galahanga da aka auna suna da tawayar fahimta. Sauran na iya karatu har jami'a amma su kasa jure hayaniyar wurin aiki ko tattaunawar neman aiki. A wasu jihohi irin waɗannan ba su shiga lissafi, domin sharaɗin samun taimako shi ne sakamakon gwajin basira ya gaza maki 70 ko kusa da haka. Sai a 2014 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta buɗe musu ƙofa.

Don a fahimci yadda aka zo nan, sai an koma baya. A 1967 mutum kusan 195,000 masu tawayar fahimta ne ke killace a manyan gidajen gwamnati, wasu tun suna jarirai. Mafi ƙaurin suna shi ne Willowbrook da ke tsibirin Staten a birnin Niyok, wanda aka gina don mutum 4,000 amma aka cusa fiye da 6,000. Sanata Robert Kennedy ya ziyarce shi a 1965 ya fito yana Allah wadai. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara, ƙasa ta ga yara tsirara kwance a ƙasa cikin ƙazanta, ma'aikaci ɗaya yana fama da gommai. Iyaye suka kai ƙara, aka yi sulhu a 1975, aka rufe gidan a 1987. Daga nan sauran gidajen suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Shari'ar da ta kafa tubalin abin da ake kai yau ita ce ta Olmstead. Mata biyu a jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, suna tsare a asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati duk da likitocinsu sun ce za su iya zama cikin gari. A watan Yunin 1999 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ware mai naƙasa daga jama'a ba tare da dalili ba nuna bambanci ne, ya kuma saɓa wa dokar kare masu naƙasa ta 1990. To idan mutum ya fito daga gidan killacewa ya koma unguwa, dole a samar masa abin yi da rana. Cibiyoyin wuni sun bunƙasa ne a wannan yanayi, da yawansu iyaye ne suka fara su a ɗakunan coci da gidajen haya.

Kuɗin kuwa daga Medicaid yake fitowa, wato inshorar lafiyar marasa galihu da gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa hannu su biya, tarayya na ɗaukar rabi ko fiye. A 1981 aka ba jihohi izinin karkatar da kuɗin killacewa zuwa kula da mutum a gidansa da unguwarsa. Amma ga inda gizo ke saƙar: doka ta tilasta wa jiha biyan kuɗin gidan jinya, ba ta tilasta mata biyan kulawar cikin gari ba. Zaɓi ne, kuma jiha na da ikon ƙayyade gurabe. Idan gurabe suka cika, sai layi. Cibiyar binciken lafiya ta KFF ta ƙirga mutum kusan 700,000 a layin jira a 'yan shekarun nan, mafi yawansu masu tawayar fahimta da dangoginta, kuma matsakaicin jiransu ya haura shekara huɗu. A Teksas jiran yakan wuce shekara 10, har ana ba iyaye shawara su rubuta sunan yaro tun yana ƙarami. Kalifoniya ta fita daban: dokar Lanterman ta 1969 ta mayar da wannan taimako haƙƙi, ana raba shi ta cibiyoyin yanki 21. Sakamakon haka, makomar mutum biyu masu lalura iri ɗaya na iya bambanta matuƙa saboda kawai jihar da iyayensu suka samu aiki.

A Kalifoniyar ne aka ga abin da cibiyar wuni za ta iya zama idan an ɗauki mutum da daraja. A 1974 Florence Ludins-Katz da mijinta Elias Katz suka buɗe Creative Growth a birnin Oakland, wani ɗakin zane da sassaƙa na manya masu naƙasa. A can Judith Scott ta samu kanta. An haife ta a 1943 da lalurar Down, wadda ke zuwa da tawayar fahimta, ga ta kurma, amma ba a gane kurumtar ba sai bayan shekaru masu yawa, aka ɗauka ba ta fahimtar komai. Tana shekara 7 aka kai ta gidan gwamnati a Ohio, ta yi shekara 35 a killace. 'Yar'uwarta da aka haife su tagwaye, Joyce, ita ta nemi riƙonta ta ɗauko ta, ta shiga cibiyar a 1987. Kusan shekara biyu ba ta nuna sha'awar komai ba, kuma ba a kore ta ba, ba a matsa mata ba. Sai ranar da wata mai aikin zare ta zo koyarwa, Judith ta ɗauki 'yan sanduna ta fara naɗe su da zare da tsumma. Daga nan ba ta tsaya ba har rasuwarta a 2005. Takan tsinci abin da ta gani a ɗakin, ta naɗe shi makonni ko watanni har ya zama wata sura da babu wanda ya taɓa yin irinta. Gidan tarihi na Brooklyn ya baje kolin ayyukanta a 2014, an kuma nuna su a babban bikin fasaha na Venice a 2017.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shekara biyun farko ne, fiye da gidajen tarihin. Ba kowa zai zama Judith Scott ba, kuma bai kamata sai mutum ya yi fice sannan a ce ya cancanci kulawa ba. Amma kowa ya cancanci wurin da za a yi haƙuri da shi, a ci gaba da ajiye abubuwa a gabansa har a gano wanda ransa ke so. Cibiyoyi da yawa ba haka suke ba. Akwai waɗanda ake tara mutum ɗan shekara 40 a gaban talabijin, ko a ba shi littafin shafa launi na yara, yau da gobe, shekara da shekaru, a kira wannan horo. Babu duka, babu yunwa, amma an cinye wa mutum rayuwa a zaune.

Daga nan sai batun da ya fi raba kan jama'a, wato aiki da lada. Dokar ƙwadago ta 1938 tana da wani sashe, 14(c), da ya ba masu ɗaukar aiki damar biyan mai naƙasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Da shi aka gina keɓaɓɓun wuraren aiki, inda ake haɗa kwali, cusa takardu a ambulan, ko jera ƙusoshi a leda. Yadda ake lissafin shi ne a riƙe agogo a auna saurin mutum, a gwada da na mai lafiya. A misali, idan mai lafiya na haɗa kwali 100 a awa ana biyansa dala 10, kai kuma ka haɗa 30, ladanka dala 3. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya gano cewa fiye da rabin masu wannan aiki ba su samun dala 3.50 a awa, alhali mafi ƙarancin albashin tarayya dala 7.25 ne tun 2009. Mafi munin abin da aka bankaɗo ya faru a garin Atalissa na jihar Iowa, inda a 2009 aka ceto wasu maza masu tawayar fahimta da suka shafe shekaru gommai suna fiɗar talo-talo a kan dala 65 a wata, suna kwana a wata tsohuwar makaranta da ta lalace.

Guguwar sauyi ta taso. Vermont ta rufe irin wannan wuri na ƙarshe a 2002. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta ɗaure Rhode Island da yarjejeniya a 2014, aka yi makamanciyarta da Oregon a 2015, duka a kan cewa hukuncin Olmstead bai tsaya ga inda mutum ke kwana ba, ya shafi inda yake wuni. New Hampshire ta soke ƙaramin lada a 2015, wasu jihohi suka bi. Masu aiki ƙarƙashin sashen sun ragu daga kusan 296,000 a 2010 zuwa kimanin 40,000 a 2024. Gwamnatin Biden ta gabatar da shirin kawar da shi baki ɗaya a Disamban 2024, gwamnatin Trump ta janye shirin a Yulin 2025.

Ni dai ban ga hujjar da za ta halatta biyan babban mutum dala ɗaya a awa ba. Amma iyayen da ke kare waɗannan wurare ba miyagu ba ne, kuma tsoronsu yana da tushe. Abin da suke cewa shi ne: ɗana yana tashi da murna, yana da abokai, yana alfahari da 'yar takardar albashinsa, idan kuka rufe wa zai ɗauke shi? Alƙaluma ba su ƙaryata su gaba ɗaya ba. Cikin waɗanda hukumomin jihohi ke yi wa hidimar wuni, kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke aiki a wuraren da kowa ke aiki. Wanda ya samu aikin ma akwai tarko a gabansa: tallafin SSI, wato kuɗin wata-wata da gwamnatin tarayya ke ba masu naƙasa marasa ƙarfi, wanda yawancinsu suka dogara da shi, ba ya yarda mutum ya mallaki fiye da dala 2,000, iyakar da ba a ɗaga ba tun 1989. Ya tara fiye da haka, tallafi na iya yankewa, a wasu jihohi har da Medicaid ɗin da ke biyan mai taimaka masa. Asusun ABLE, wani asusun ajiya na musamman ga masu naƙasa da aka kafa a 2014, ya rage wannan matsi, amma ba kowa ya san da shi ba.

A 2014 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ce duk wurin da ke cin kuɗin kulawar cikin gari dole ya zama cikin gari da gaske: mutum ya zaɓi abin da zai yi, ya samu sirri, ya fita ya yi hulɗa da jama'a, a tsara shirinsa da bakinsa ko da bakin wanda ya san shi. Sai a Maris na 2023 wa'adin cika ƙa'idar ya cika. Daga nan aka samu shirye-shiryen da ba su da gini ma, ma'aikaci ya ɗauki mutum uku ko huɗu zuwa ɗakin karatu, wurin motsa jiki, ko aikin sa kai a wurin rabon abinci. Inda aka yi da hankali, abin ya yi kyau. Inda aka yi don cika takarda, sai ya koma zagaya manyan kantuna a mota har lokaci ya cika. Sannan akwai waɗanda lalurarsu ta yi tsanani, masu buƙatar ido a kansu dare da rana, waɗanda wani binciken CDC na 2023 ya ce sun kai kusan kashi 27 cikin 100 na yara masu galahanga. Su ne cibiyoyi suka fi juya wa baya, domin mutum ɗaya na buƙatar ma'aikaci ɗaya ko biyu, kuɗin da ake biya kuma bai kai ba. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne ya fi kowa daɗewa a gida.

Duk wannan gini a kan mutum ɗaya ya tsaya, ma'aikacin da ke tare da mai lalura hannu da hannu. Yawancinsu mata ne, da yawa baƙaƙen fata ne ko baƙin haure, ciki har da 'yan Afirka. Su ke ba da magani, su raka ban ɗaki, su kwantar da wanda ya firgita, su gane farfaɗiya na tafe. Ladansu kuwa bai wuce dala 15 zuwa 18 a awa ba a yawancin wurare, daidai da abin da kanti ko gidan abinci ke biya ba tare da wannan nauyi ba. Shi ya sa kusan kashi 40 cikin 100 ke barin aikin duk shekara. Cibiya ba ta iya ƙara farashi kamar mai shago, domin jiha ce ke yanke abin da za a biya, a wurare da yawa ma kan kowane minti 15 na hidima. Idan mutum ya yi rashin lafiya bai zo ba, babu kuɗin ranar, amma haya da albashi suna nan.

Ka tuna ma'aikaciyar da ta san alamar cizon hannun riga. Wannan sani wata da watanni ake tara shi, ba a rubuta shi duka a fayil. Ranar da ta tafi, ya tafi da ita, mai lalura ya koma farawa da baƙuwar fuska, shi da sauyi ke yi wa wuya fiye da kowa. Annobar korona ta ƙara dagula lamarin: cibiyoyi sun rufe a Maris na 2020, wasu ba su sake buɗewa ba, ma'aikata da yawa ba su dawo ba. Binciken ƙungiyar masu cibiyoyin, ANCOR, a 2022 da 2023 ya nuna fiye da kashi 75 cikin 100 na mambobin da suka amsa suna mayar da sababbin mutane saboda rashin ma'aikata. Ke nan iyali na iya shekara bakwai a layi, gurbi ya fito, takarda ta zo, sannan a rasa cibiyar da za ta karɓa.

Yanzu kuma ga sabon nauyi. Dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 za ta rage abin da tarayya ke zubawa a Medicaid da kusan dala biliyan 900 cikin shekara 10, bisa ƙiyasin ofishin kasafi na majalisa. Dokar ba ta ambaci cibiyoyin wuni a matsayin abin yankewa ba, masu goyon bayanta ma sun ce ba masu naƙasa aka nufa ba. Amma jihar da kuɗinta ya ragu ba ta da ikon taɓa abin da doka ta wajabta mata, don haka idonta kan abin da yake zaɓi yake komawa, kuma kulawar cikin gari tana sahun gaba a wannan jeri. Hanyoyin ragewar sanannu ne: a daskarar da farashin da ake biyan cibiyoyi, a rage awannin da aka amince wa mutum a mako, ko a daina cike gurbin da ya faɗi. Kowanne daga cikinsu a gidan uwa yake sauka, ita ce za ta rage aikinta ko ta bar shi gaba ɗaya ta zauna da ɗanta.